Mutuwar Likita Derek Shepherd da Fushin Masu Kallon Grey's Anatomy

A daren Alhamis, 23 ga Afrilu na 2015, tashar talabijin ta ABC da ke Amurka ta nuna kashi na 21 na zango na 11 na Grey's Anatomy, shirin asibiti mai dogon zango da aka fara haskawa tun watan Maris na 2005. A cikin wannan kashi ne aka kashe Likita Derek Shepherd, gwanin tiyatar ƙwaƙwalwa kuma mijin Meredith Grey, matar da shirin ya ci sunanta. Tun kafin a gama nuna kashin, Twitter da Facebook suka cika da kuka da Allah wadai, wasu suna sa hotunan fuskokinsu sharkaf da hawaye, wasu suna rantsuwa cewa sun yi hannun riga da shirin har abada. Cikin 'yan kwanaki aka buɗe takardar koke a shafin Change.org, dubun-dubatar mutane suka sa hannu suna neman a dawo da mamacin, wasu ma har da ba da shawarar a ce duk abin da ya faru mafarki ne Meredith ta yi. Shonda Rhimes, wadda ta ƙirƙiri shirin kuma ita ce ta rubuta wannan kashi da hannunta, ta sha zagi irin wanda ake yi wa wanda ya yi kisan gilla.

Mai hangen abin daga nesa zai iya cewa ɓata hawaye ne kawai, tunda babu wanda ya mutu. Patrick Dempsey, jarumin da ya shekara goma yana fitowa a matsayin Derek, bayan wata biyu yana Faransa yana tseren mota na awa 24 a Le Mans, inda ma motarsu ta zo ta biyu a rukuninta. Ni kuwa ina ganin fushin ya cancanci a zauna a tsefe shi, domin masu kallon wannan shiri ba baƙin mutuwa ba ne. Sun binne Denny Duquette a 2006, sun binne George O'Malley a 2009, sannan Lexie Grey da Mark Sloan a 2012 sanadiyyar hatsarin jirgin sama, kuma a kowane karo an yi kuka, an share hawaye, an ci gaba da kallo. Ke nan mutuwar ita kaɗai ba ta isa ta bayyana ƙurar da ta tashi a 2015 ba. Abin da na fahimta shi ne ƙorafe-ƙorafe daban-daban ne suka cakuɗe a murya ɗaya, wasu na da tushe wasu ba su da shi, kuma mafi zafinsu ya taso ne daga daidai wurin da marubuciyar ta fi faɗin gaskiya game da yadda ake rasa rai a asibiti.

Sai an san yadda kashin ya gudana kafin a gane zancen. Derek ya kama hanyar filin jirgi ne zai je Washington ya ajiye aikin binciken ƙwaƙwalwa da gwamnati ta ba shi, domin ya dawo Seattle ya zauna da iyalinsa bayan watanni ana tsamin dangantaka tsakaninsa da matarsa. A wata hanyar daji da waya ba ta samun sabis, motoci biyu suka yi karo a gabansa. Ya tsaya shi kaɗai, ba kayan aiki, ya ceto mutum huɗu: wata uwa da ƙaramar 'yarta mai suna Winnie, da wasu matasa biyu. Kusan rabin kashin ya tafi ne a nan, ana nuna shi a yadda masoyansa suka fi son ganinsa, cikin natsuwa da murmushi, yana kwantar wa yarinya hankali yayin da hannunsa ke cikin jini. Motocin asibiti suka zo suka kwashe mutanen, kowa da ransa. Ya shiga motarsa, ya juyo da ita ta gitta titi, ya sunkuya yana laluben wayarsa, sai wata tirela ta yi ciki da shi.

Asibitin da aka kai shi, wanda a labarin ake kira Dillard, ƙaramin asibiti ne da ba a tanade shi don manyan raunukan hatsari ba, kuma babu wanda ya san ko wane ne aka kawo. A nan marubuciyar ta yi dabarar da ta ɗaga kashin, ita ce kuma ta sa ya yi wuyar kallo: Derek yana kwance a kan gadon turawa, idonsa biyu, hankalinsa na nan daram, amma bakinsa ba ya iya furta komai, sai mai kallo ne kaɗai ke jin muryar zucinsa. Yana bin kowane mataki da likitocin ke ɗauka, yana sanin daidai da kuskure, yana roƙonsu a zuci su ɗauki hoton kansa da na'urar CT tun akwai lokaci. Wata ƙaramar likita mai neman ƙwarewa, Penny Blake, ta faɗi hakan a fili, amma babban likitan da ke kanta, Paul Castello, ya danne maganarta, ya ce a wuce ɗakin tiyata a tsai da jinin da ke zuba a ciki. Yarinyar nan Winnie ce ta hango shi ta gaya musu cewa sunansa Derek kuma likita ne. Sai da aka yi nisa da aikin ciki aka lura ƙwayar idonsa ta buɗe, alamar jini ya taru a cikin kai yana matse ƙwaƙwalwa. Aka kira likitan ƙwaƙwalwar da alhakin amsa kiran gaggawa ke kansa a daren, yana wurin cin abinci, bai iso ba sai bayan kimanin awa ɗaya da rabi. Kafin nan bakin alƙalami ya bushe. 'Yan sanda suka ƙwanƙwasa wa Meredith ƙofa, ta zo ta tarar da mijinta ƙwaƙwalwarsa ta mutu, na'ura ce ke yi masa numfashi, ta sa hannu a takarda aka kashe na'urar.

Kashin farko na fushin shi ne mafi sauƙin fahimta, wato sabo, wanda aka ce turken wawa ne amma babu mai hankalin da ya tsira daga gare shi. Tun a 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan irin alaƙar da mai kallo ke ƙullawa da fuskar da yake gani a talabijin, alaƙa mai ɓangare ɗaya, wadda shi ya san su ciki da bai, su kuwa ba su san da zamansa ba, amma zuciyarsa tana ɗaukarta kamar abota ta gaske. Wanda ya fara kallon Grey's Anatomy yana sakandare a 2005, zuwa 2015 ya gama jami'a, wataƙila ya yi aure, kuma a duk tsawon wannan lokaci Derek da Meredith na shigowa ɗakinsa mako-mako. Ya ga ranar da suka haɗu, ya ga ɓullowar matar Derek ta farko, ya ga alkawarin auren da suka rubuta a 'yar ƙaramar takarda a 2009, ya ga sun ɗauki riƙon Zola, marainiya daga Malawi. Akwai dangin jini da mutum ba ya gani sau ashirin da wani abu a shekara, amma waɗannan yana ganinsu. Masu shirya fina-finai sun san wannan sarai. A 2009, da aka kashe Likita Kutner a shirin House saboda jarumin, Kal Penn, ya karɓi aiki a fadar shugaban Amurka, tashar Fox har shafin ta'aziyya ta buɗe masa a intanet, mutane suka yi ta rubuta alhininsu kamar an yi rashin maƙwabci. Saboda haka hawayen 2015 hawaye ne na gaske, ko da mamacin na ƙirƙira ne, kuma ban ga dalilin yi wa masu shi dariya ba.

Kashi na biyu na fushin ya shafi abin da ke bayan fage, kuma shi ne ya mayar da baƙin ciki ya koma zargi. A farkon 2014 an ba da labarin cewa Dempsey da Ellen Pompeo, mai fitowa a matsayin Meredith, sun sabunta kwantiraginsu na shekara biyu, wanda zai kai su ƙarshen zango na 12. Masu kallo a Amurka suna bin irin wannan labari kamar yadda masu sha'awar ƙwallo ke bin cinikin 'yan wasa, don haka sun kwanta da sanin cewa Derek na da sauran shekara guda aƙalla. Ga shi kuma mujallar Entertainment Weekly, wadda ta shirya hira da jarumin kan fitarsa daga shirin, ta isa hannun wasu masu saye tun kafin a nuna kashin, hoton shafin ya bazu a intanet, mutane da yawa suka zauna kallo sun riga sun san ƙarshen. Da mutum ya san kwantiragi bai ƙare ba, sai ya daina ganin tirela a matsayin ƙaddarar cikin labari, ya koma ganinta a matsayin hukuncin da aka yanke a ofis. Nan take jita-jita ta tashi cewa saɓani ne tsakanin jarumin da masu shirin ya jawo, kuma wani littafi kan tarihin shirin da ya fito a 2021 ya kawo maganganun ma'aikata da ke nuna cewa lallai zaman ya yi tsami a wurin ɗaukar fim ɗin. Wannan ya sa wasu suka ɗauki mutuwar a matsayin ramuwar gayya, an huce haushin ɗan wasa a kan mutumin labari.

Rhimes ta ba da nata bayanin a gaban 'yan jarida a watan Agusta na shekarar. Ma'anar abin da ta ce ita ce, tunda jarumin zai tafi, hanya biyu ce ta rage mata: ko Derek ya bar Meredith da 'ya'ya ya kama gabansa, wanda hakan zai nuna cewa soyayyar da aka shekara goma sha ɗaya ana ginawa ƙarya ce, ko kuma ya mutu soyayyar ta tsaya yadda take. A wannan gaɓa ina tare da ita. Masu ƙorafi sun kawo misalin Cristina Yang, ƙawar Meredith, wadda aka sallama da ranta a 2014 ta tafi Zurich ta shugabanci cibiyar binciken zuciya, suna tambayar me ya hana a yi wa Derek haka. Amsar ita ce Cristina ƙawa ce, ƙawa kuwa tana iya yin nisa ƙawance bai mutu ba, amma miji kuma uban yara ba ya zama a wani gari shekara da shekaru ba a ganinsa sai in auren ya mutu. Da an ajiye shi a Washington ana jin sa ta waya, da masu kallon nan da kansu sun tsane shi kafin zango biyu.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, in aka karanta koke-kokensu da kyau, shi ne yadda ya mutu. Maganar da aka fi nanatawa ita ce bai cancanci irin wannan mutuwa ba. Wannan mutumin an harbe shi a ƙirji a cikin asibitinsa a 2010, Cristina ta yi masa aiki bindiga na kanta, ya tashi. Ya faɗo daga jirgin sama a 2012, hannunsa ya lalace, aka gyara ya koma tiyata. Mutumin da ke cire ƙarin da sauran likitoci suka ce ba ya ciruwa, a ce ya tafi saboda ba a ɗauki hoton kai ba, saboda wani ya tsaya ƙarasa abincin dare, a hannun baƙi, babu ko ɗaya daga cikin abokan aikinsa a kusa. Masu kallo suka ji kamar an wulaƙanta shi.

Domin a gane wannan ji, sai a dubi alkawarin da shirin asibiti ke yi wa mai kallonsa ba tare da an furta ba. A cikin irin wannan shiri ana mutuwa, har ma fiye da ƙima. Wani bincike da likitocin tiyata a jihar Arizona suka wallafa a 2018 ya bi kashi 269 na Grey's Anatomy, ya ƙirga majinyata 290 masu raunin hatsari, ya kwatanta su da majinyata 4,812 na gaske daga rumbun bayanan ƙasar, ya samu cewa kashi 22 cikin ɗari na majinyatan talabijin sun mutu, alhali a zahiri kashi 7 ne. Amma mutuwar talabijin tana zuwa ne bayan an yi iya yi: gwanaye sun taru, an yi gudu a baranda, an danna ƙirji, an ja wuta a zuciya, likita ya cire hula yana haki. Binciken nan ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari na majinyatan shirin daga sashen gaggawa kai-tsaye ake wucewa da su ɗakin tiyata, a zahiri kuwa kashi 25 ne. Tun a 1996 wani binciken da ya fito a mujallar likitanci ta New England ya duba shirye-shiryen ER da Chicago Hope da Rescue 911, ya ga kashi 75 cikin ɗari na waɗanda zuciyarsu ta tsaya suna farfaɗowa bayan an danna musu ƙirji, adadin da ya zarce na asibitocin gaske nesa ba kusa ba. Abin da mai kallo ke sha mako-mako ke nan: in ka faɗi, akwai ƙwararru da za su ruga, in kuma ka mutu, to babu abin da ɗan Adam zai iya yi ne.

Kashin mutuwar Derek ya karya wannan alkawari da gangan. Ya fitar da mai kallo daga asibitin gwanaye ya kai shi asibitin da yawancin mutanen duniya ke zuwa, inda ma'aikata ba mugaye ba ne, sai dai kaɗan ne, kayan aikinsu da horonsu ba su kai ba, ƙarami yana tsoron musa wa babba, kuma ƙwararren da ake jira yana wani wuri. A Amurka asibitocin raunin hatsari hawa-hawa ne, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa wanda ya ji mummunan rauni aka kai shi cibiya mai daraja ta ɗaya, haɗarin mutuwarsa cikin shekara guda ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da wanda aka kai asibitin da ba cibiyar rauni ba. Wato inda motar asibiti ta sauke mutum yana daga cikin sabubban rayuwarsa ko ajalinsa, kuma suna ko ilimi ba sa canza wannan. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a barandar asibiti da dare, ɗan uwansa na kwance, ana ce masa an kira likita yana hanya, ya san irin tsawon awa ɗaya da rabi. A ganina wannan ne kashi mafi gaskiya da shirin ya taɓa yi game da aikin likita, kuma zafin gaskiyar ne ya sa aka ƙi shi. Mutane sun zo ne su huta daga wannan tsoro, sai aka ɗora musu shi a kan mutumin da suka ɗauka ya fi ƙarfinsa.

Adalci ya sa a ƙara da cewa shawarar da Castello ya yanke ba hauka ba ce a kan kanta. Ƙa'idar kula da mai raunin hatsari ita ce a fara da abin da zai fi saurin kisa, kuma majinyacin da jini ke zuba a cikinsa har bugun jininsa na faɗuwa, ɗakin tiyata ake kai shi, ba a tsayawa ɗaukar hoto. Abin da labarin ya nuna shi ne Derek bai kai wannan hali ba, akwai 'yan mintunan da za a iya ɗaukar hoton, ga kuma rauni a kai da rashin magana da suka isa su tayar da hankali. Kuskuren na auna hali ne a cikin gaggawa, irin wanda likita mai gaskiya zai iya faɗawa ciki. Inda laifin ya yi nauyi shi ne ƙin sauraron ƙaramar da ta hango, da jinkirin wanda aka kira.

Wannan ya kawo mu ga Penny Blake, kuma a nan ne nake ganin masu kallo suka yi zalunci ƙarara. A duk asibitin ita kaɗai ce ta faɗi daidai. Ita ce kuma ta fito waje tana kuka, ta ba Meredith haƙuri, Meredith ta gaya mata cikin kakkausar murya cewa wannan majinyaci shi ne wanda za ta riƙa gani duk ranar da ta ɗauki wuƙar tiyata, ta koma ciki ta zama likitar da ta fi haka. Da aka dawo da Penny a zango na 12 ta fara aiki a asibitin su Meredith, sai ta zama abar ƙi a wurin masu kallo, ana kiranta wadda ta kashe Derek, ƙiyayyar har tana fantsama kan jarumar, Samantha Sloyan. Babban likitan da ya danne ta da wanda ya makara kuwa, da yawa ko sunansu ba su riƙe ba. Haka abin yake a asibitocin gaske: dangin mamaci suna sauke fushinsu a kan fuskar da suka gani, ma'aikaciyar jinya ko ƙaramin likitan da ya tsaya ya yi musu bayani, wanda ya yanke shawarar kuwa ya riga ya bi ta wata ƙofa. Masu kallo sun maimaita wannan ɗabi'a ba tare da sun lura ba, duk da cewa su, saɓanin dangin majinyaci, an nuna musu komai da idonsu.

Akwai kuma ƙorafin cewa Meredith ta yi gaggawar kashe na'ura. Ta fuskar likitanci wannan ba shi da ƙarfi, domin mutuwar ƙwaƙwalwa daban take da doguwar suma. Mai doguwar suma yana iya farkawa, amma wanda ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya har da tushenta ta daina aiki ba ya dawowa, kuma tun bayan rahoton kwamitin jami'ar Harvard na 1968 da dokar bai-ɗaya da aka tsara a farkon shekarun 1980, jihohin Amurka suna ɗaukar wannan a matsayin mutuwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Amman a 1986, ta amince cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar da hakan, ya halatta a cire na'ura, ko da yake akwai malaman da suka tsaya a kan cewa sai zuciya ta tsaya ake zartar da hukuncin mamaci. Meredith likita ce, ta karanta takardun ta san abin da ke ciki. Amma rashin kiran Amelia, ƙanwar Derek, wadda ita ma likitar ƙwaƙwalwa ce a gari ɗaya, da rashin sanar da mahaifiyarsa kafin a cire na'urar, wannan kam abin a yi magana ne. Ba don Amelia za ta iya ceto shi ba, sai don haƙƙin ɗan uwa ne ya ga ɗan uwansa kafin a rufe shi. Marubutan sun san da wannan, domin daga baya sun sa Amelia ta tuhumi Meredith a kan haka, sai dai mai kallon daren 23 ga Afrilu bai san za a zo wurin ba.

Ƙorafin yadda hatsarin ya auku ba ya buƙatar dogon zance. Likitan da ya gama ganin abin da ganganci ke jawowa a titi, a ce ya gitta mota a tsakiyar hanya yana neman waya a wurin da aka nuna babu sabis, wannan rubutu ne mai rauni, kuma waɗanda suka soke shi sun yi daidai.

Inda na fi ba masu kallo gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. Mako guda bayan mutuwar, ranar 30 ga Afrilu, aka nuna kashi mai tsawon awa biyu wanda ya haɗiye kusan shekara guda ta rayuwar mutanen labarin. Jana'izar ta wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba a ji abin da kowa ya faɗa a bakin kabari ba, Sandra Oh ba ta dawo ta zauna kusa da ƙawarta a matsayin Cristina ba, Meredith ta kwashe 'ya'yanta ta ɓace daga Seattle, aka yi ta tsallake watanni, har ta haifi 'yar da Derek ya bari a ciki, Ellis, ta dawo aiki. Ana iya kare wannan da cewa haka Meredith take tun asali, mai gudu ce in abu ya yi mata nauyi, kamar yadda mahaifiyarta ta yi. Amma shirin ya manta da cewa ba ita kaɗai aka yi wa rashi ba. Ba a banza al'ummomi suka tanadi zaman makoki ba, da kwanakin da ake shigowa ana gaisuwa ana ambaton halayen mamaci, domin rashi yana buƙatar wuri da lokaci da mutane kafin zuciya ta yarda da shi. An shekara goma ana gayyatar mai kallo cikin gidan nan, an ci an sha da shi, ranar da aka yi rasuwa kuma aka rufe ƙofa aka bar shi a waje. Da George ya mutu a 2009, an ba shi kashi biyu cur ana bin yadda kowa ke ɗaukar rashin. Da Mark zai tafi, an nuna abokansa zagaye da gadonsa. Derek, wanda ya fi su daɗewa da nauyi a labarin, bai samu ko rabin haka ba. Ina ganin da yawa daga cikin abin da aka zuba a Twitter da takardar koke zaman makoki ne mutane suka shirya wa kansu tunda shirin ya hana su.

Rantsuwar daina kallo kuwa ba ta tabbata ba. Zango na 12 ya samu karɓuwa, a 2019 shirin ya zarce kashi 331 na ER ya zama shirin asibiti mafi daɗewa a jerin shirye-shiryen dare na talabijin ɗin Amurka, daga baya ya haura zango na 20. Pompeo da kanta ta faɗa a wata hira a farkon 2018 cewa fitar Dempsey ce ta buɗe mata ƙofar ciniki, domin a da ana nuna mata cewa ko babu ita akwai shi, kuma a lokacin ne albashinta ya kai kimanin dala miliyan 20 a shekara. Wasu na kafa hujja da wannan su ce fushin na fatar baki ne. Ni na fi ganin cewa mai fushi bai rabu da abu ba, wanda ya rabu shiru yake yi ya canza tasha.

Masu shirin ma ba su yi watsi da koken ba, sai dai sun biya bashin a hankali. A watan Nuwamba na 2019, a kashi na 350, aka dawo da Castello yana zaune cikin kwamitin da zai yanke hukunci kan lasisin aikin Meredith, bai ma gane ta ba, ta tashi a gaban jama'a ta tuna masa daren da ya ƙi ɗaukar hoton kan mijinta, wato bayan shekara huɗu aka mayar da laifin kan mai shi. A watan Nuwamba na 2020 kuma, a farkon zango na 17, lokacin da cutar korona ta kwantar da Meredith tana tsakanin rai da mutuwa, aka nuna ta a bakin teku cikin mafarki, wani yana ɗaga mata hannu daga nesa yana kiran sunanta. An ɓoye dawowar Dempsey har daga yawancin ma'aikatan shirin, kuma a wannan karo babu mujallar da ta riga kashin fita. Ya sake fitowa a wasu kashi na zangon, suka yi maganar 'ya'yansu, har da Ellis da bai taɓa gani ba, suka yi sallamar da ba a ba su damar yi ba a asibitin Dillard.